Yadda zaka gani da idonka abinda saiwa ke kamawa, da yadda zaka ci moriyar hakan a mazra'a

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman ku masu aikin mazra'a (gona) da mashtal (wurin renon dashe) a nan wajen Madina da Yanbu har zuwa Jidda, da hajiyoyinmu masu ɗan shuka yakuwa da kuɓewa da na'ana'a a bokiti saman bene. Ƙorafin dai kullum ɗaya ne, an zuba taki an ƙara zubawa, kafil, wato maigidan aiki, ya kashe riyal ɗinsa yana ta ƙunƙuni, amma ganyen lemu sai ƙara rawaya yake, tumatir na ruɓewa ta gindi, wake ya tsaya cak kamar an ce masa kar ya motsa. Mafi yawan lokaci ba takin ne yayi kaɗan ba, abinda ke faruwa a fatar saiwar ne bamu sani ba, kuma akwai ɗan gwaji da zaka yi a ɗakinka da kofunan shayi ka ganshi ƙuru-ƙuru ba sai an baka labari ba.

Bari na fara da caji tukunna, in ba haka ba gwajin zai zama wasan kala kawai. Gishiri da yawancin taki in ya narke a ruwa baya zama yadda ka zuba shi, rabuwa yake gida biyu, wani ɓangare mai cajin fulos wani mai cajin mainos, irin dai fulos da mainos da kake gani a jikin batir. Kalsiyum, magnisiyum, fotasiyum, sodiyum, amoniyum da sinadarin ƙarfe duk fulos ne. Naitret, fosfet, salfet da kulorayid mainos ne. Fulos ɗin ma ba ƙarfinsu ɗaya ba, sodiyum da fotasiyum caji ɗai-ɗai garesu, kalsiyum da magnisiyum bibbiyu, alminiyum kuwa har uku. Riƙe wannan lissafin dan shine zai bayyana maka komai a gaba.

Ita kuma saiwa, kowace ƙwayar halitta dake jikinta tana da bango a waje sannan wani siririn tantani a ciki. Bangon nan ba toshe yake ba, saƙa ce ta zaren selulos wanda ruwa ke ratsawa yadda yaso, an cike tsakaninta da wani abu mai yauƙi da ake kira fektin, shine abinda ke sa jam yayi kauri kuma akwaishi da yawa a farin ɓawon lemu. Toh fektin ɗin nan jikinsa cike yake da gurabe masu cajin mainos, dan haka duk mai fulos da ruwa ya kawo sai ya maƙale a gurbi, mai mainos kuma a ture shi gefe. Ka ɗauki bangon a matsayin zauren gida, baƙo ya shigo ya samu tabarma ya zauna amma fa bai shiga cikin gida ba, kuma in wani ya zo da ya fishi nauyi ko suka zo da yawa sai a tashe shi a zauna. Shiga cikin gida sai ta ƙofar tantani, nan ne ake tantancewa, nan ne shuka ke kashe ƙarfinta.

Yanzu kayan aiki. Albasa biyu ko uku masu lafiya, kofunan gilashi ƙanana kamar shida, metilin bulu wanda ake samu a shagon masu saida kifin ado (shuɗin maganin nan da suke ɗigawa a ruwan kifi), kalar abinci ja daga bakala (kantin unguwa), gishirin girki, khal (ruwan tsamin nan, binega), da ɗan takin kalsiyum naitret wanda kusan duk mazra'ar dake da bututun ɗigo baka rasa buhunsa a sito. Sai ruwa, kuma anan ne mutane ke ɓata gwajin, kar kayi da ruwan rijiya ko na wayit (motar tankar ruwa) dan suna da nasu gishirin da zai rikita maka sakamako, ka tari ruwan dake ɗiga daga mukayyif (na'urar sanyaya ɗaki), wannan kusan babu komai a cikinsa, ka tace ƙurar kawai. Metilin bulu cajinsa fulos ne, kalar abinci irin ta kwalba kuwa galibinsu mainos ne, shi yasa muka zaɓi waɗannan biyun.

Ka kankare busasshiyar saiwar gindin albasar a hankali, ka ɗora ta a bakin kofi yadda gindin kawai zai taɓa ruwa, ka ajiye a cikin ɗaki inda ba rana, kana canza ruwan kullum saboda zafin garin nan yana sa shi wari da wuri. Cikin mako guda zaka ga fararen saiwoyi sun zubo, in sun kai tsawon ɗan yatsa sun isa. Ka yanke su da reza ka raba gida-gida daidai wa daida.

Ka ɗiga metilin bulu a kofi ɗaya har ruwan yayi shuɗi amma kana iya hango yatsanka ta bayan gilashin, kar kayi shi kirim. A wani kofin ka haɗa jar kalar itama haka. Ka jefa saiwoyi a kowanne, minti biyar ya isa, ka tsame su ka ɗauraye a ruwan mukayyif, ka zubar ka sake, ka sake, har sai ruwan ɗauraya ya daina ɗaukar kala. Ka shimfiɗa su a kan farin tishu ka duba. Wadda ta shiga ja zata koma kusan fara abinta, ɗan abinda ya shiga ya wanke ya fita, amma wadda ta shiga shuɗi wallahi ko ka ɗauraye sau goma tana nan shuɗiya shar, kuma ka lura da kyau wajen tsinin saiwar yafi duhu, nan ne bangon yake sabo. Ka sa safar hannu dan abin yana kama fata da farar jallabiya, kar a ci albasar, kuma a ɗauke kofunan daga inda yara suke kar wani ya ɗauka sharbat ne.

Kashi na biyu shine mai daɗin. Ka jera kofi huɗu kowanne da ruwan mukayyif kamar mil 250. Na farko ka barshi haka. Na biyu ka zuba gishiri rubu'in ƙaramin cokali. Na uku kalsiyum naitret rabin ƙaramin cokali, na ninka shi ne saboda yafi gishiri nauyi, da haka yawan cajin kofunan biyu zai zo kusan ɗaya. Na huɗu khal babban cokali guda. Ka jefa saiwoyin nan shuɗaye a kowanne daidai, ka ɗan girgiza ka jira kamar minti goma zuwa sha biyar, ka sa farar takarda a bayan kofunan. Na ruwa zalla zai tsaya kusan garau. Na gishiri zai ɗauki shuɗi. Na kalsiyum yawanci shi zai fi, dan mai caji biyu yafi mai caji ɗaya iya ƙwace gurbi. Na khal shima zai saki, amma dalilinsa daban, tsami ne ya toshe guraben fektin ɗin kansu suka daina zama mainos, abin yana faruwa sosai in pH, wato ma'aunin tsami wanda lambarsa ke raguwa in tsami ya ƙaru, ya sauka ƙasa da 4. Ba duka shuɗin zai fita ba, wani ya kama ta wata hanyar da ba ta caji ba, dan haka kar ka tsaya jiran saiwar ta koma fara fat.

In kana so ka ƙara tabbatarwa, ka tsoma wasu saiwoyin a tafasasshen ruwa minti ɗaya su mutu murus sannan ka sa su a shuɗin. Zasu kama, har ma su fi masu rai kamawa tunda tantanin ya fashe kala ta samu hanyar ciki. Ko kayi gwajin da ruwan ƙanƙara, still zai kama. Ma'ana wannan kamun na bango baya buƙatar rai ko numfashi, shi yasa yake da sauri kuma shi yasa ake iya ƙwace shi. Shan abinci na gaskiya a hankali yake tafiya, yana buƙatar iska a ƙasa da sukarin da ganye ke aikowa, tantanin yana da famfo da ke turo tsami waje, hakan ke sa cikin ƙwayar ya zama mainos sosai har ya jawo fotasiyum, su naitret kuma sai sun raɓu da wannan tsamin sannan su shige. Saiwar da ta nutse a ruwa ba iska famfonta tsayawa yake, ka zuba takin duniya a banza.

Kuma ruwan dake ratsa bango zuwa bango baya wucewa har tsakiyar saiwa haka kawai, akwai wani zobe da ruwa baya ratsawa wanda wani Bajamushe masanin tsirrai Robat Kasfari ya bayyana a 1865, in an zo nan dole kowa ya bi ta tantani. Sai dai a tsinin saiwa zoben bai gama ƙwari ba, shi yasa kalsiyum mafi yawansa ta sabbin tsinin nan yake shiga. Duk abinda ya kashe tsini, bushewa ce ko gishiri ko fartanya, ya yanke wa shuka kalsiyum.

Wani abin da zaka iya gwadawa, ka tsirar da wake da dawa a jiƙaƙƙen tishu ka yi musu wankan shuɗin tare. Masu faɗin ganye irinsu wake da tumatir bangonsu yafi fektin, guraben da ke saiwarsu in an auna da nauyi sukan kai ninki biyu na dangin ciyawa irinsu alkama da masara da dawa, shi yasa suka fi cin kalsiyum. Amma ido na iya yaudararka anan dan saiwar dawa sirara ce tana da yawa, ni dai bana ɗora hukunci kan wannan sai da sikeli.

Toh me wannan ya tsinana maka a mazra'a, nan ne maganar take.

Na farko ruwanka. Abinda yafi yawa a ruwan ban ruwa shine zai cika guraben, in rijiyarku sodiyum ya rinjaya toh kullum kana yin kofi na biyu ne a gindin shukarka, sodiyum na ture kalsiyum daga bango da kuma fuskar tantani, shi kuwa kalsiyum shine ke ɗaure zaren fektin biyu wuri ɗaya da cajinsa biyun nan, shine kuma ke sa tantani ya riƙe ƙarfinsa na tantancewa, in ya tafi sai tantanin ya fara yoyo, fotasiyum na fita sodiyum na kutsawa. A 1969 Imanuwel Efstain na jami'ar Kalifoniya da abokin aikinsa sun nuna haka da wake, gishiri iri ɗaya a ruwa, wanda aka ba isasshen kalsiyum ya jure wanda aka hana ya lalace. Dan haka ka roƙi kafil ko muhandis (injiniya) ɗinku a kai ruwan rijiyar a auna, ba yawan gishiri kaɗai ba, a rubuto sodiyum nawa kalsiyum nawa magnisiyum nawa. Ɗan abin awon nan mai kamar biro da ake tsomawa a ruwa jimilla kawai yake baka, 1 a ma'aunin EC kusan miligiram 640 ne a lita, ƙasa da 0.7 ba damuwa, sama da 3 kuwa matsala ce babba ga yawancin kayan lambu. Kuma shuke-shuke ba juriyarsu ɗaya ba, in an auna gishirin ƙasa wake irin fasuliya yana fara raguwa tun daga 1, albasa 1.2, tumatir 2.5, dabino 4, sha'ir har 8. Kaga wanda ya dage sai yayi fasuliya da ruwan da dabino ma da ƙyar yake sha, shi ya jawo wa kansa.

Maganar jibs kuma, ina jin mutane na cewa a zuba jibs yana kashe gishiri. Baya kashe komai. Jibs kalsiyum ne da salfet, yana narkewa kaɗan-kaɗan kamar giram 2 a lita, aikinsa ya ture sodiyum daga guraben ƙasa da na saiwa ya koma cikin ruwa, kofi na uku kenan, amma in baka bi da ruwa mai yawa ya wanke sodiyum ɗin ya gangara ƙasa da saiwa ba, yana nan inda yake, ka ma ƙara gishiri a kan gishiri. Yana amfani ne a ƙasa mai kanwa, wadda in ta jiƙe take yin santsi ruwa ya kwanta a kai, in ta bushe tayi ɓawo. Da yawa daga rijiyoyin ƙasar nan dama suna da kalsiyum da salfet ɗinsu, irin wannan wajen jibs asarar kuɗi ne, wankewa kawai ake buƙata. Shi yasa nace a auna tukunna. Sannan kar ka ce ai ƙasarmu fara ce cike da farar ƙasa dan haka kalsiyum ya wadata, wannan ɗin da ƙyar yake narkewa in pH ya kai 8.

Masu bututun ɗigo ku lura da farin zoben da ke fitowa a gefen inda ya jiƙe, gishirin da aka tura gefe ne. Ranar da aka ɗan yi yayyafi kar ku kashe ɗigo kuna murna, yayyafin zai narkar da zoben ya turo shi kan saiwa, ku barshi yana aiki har ruwan saman ya wuce.

Masu shuka a gida da ruwan tahliya, wato ruwan teku da aka cire wa gishiri, ku kuma naku akasin haka ne, ruwan yana da tsabta amma kalsiyum da magnisiyum ɗinsa kaɗan ne, in kuma ruwan mukayyif kike ba su hajiya toh babu komai a ciki sam, dole takinki ya zama yana da su biyun, yawancin takin NPK na leda basu da kalsiyum, ki duba bayan ledar.

Ruɓewar gindin tumatir da barkono ma kalsiyum ne, amma sau da yawa ba rashinsa a ƙasa bane, yana tafiya ne da ruwan da ganye ke ja kuma in ya zauna a bango baya tashi ya koma wani wajen, dan haka yau ka cika ruwa gobe ka bari ya bushe ƙaƙas, ɗan tumatirin dake girma a ranar bushewar ya rasa rabonsa shikenan. Ban ruwa kaɗan-kaɗan akai-akai yafi feshin ganye aiki. Ka rage amoniyum da fotasiyum mai yawa lokacin da 'ya'ya ke ƙanana dan duk fulos ne suna gasa da shi. Kuma dan Allah kar a haɗa kalsiyum naitret da takin fosfet ko salfet a tanki ɗaya mai kauri, zasu dunƙule su zama farin laka su toshe bututu, tanki biyu ake yi.

Rairayi irin namu kusan bashi da gurabe nasa, ba kamar baƙar lakar Jazira ta Sudan ba da ke riƙe fulos kamar me, dan haka taki mai yawa lokaci ɗaya wucewa yake. Naitret tunda mainos ne ba ƙasa ba bango babu mai riƙe shi, ruwa ɗaya mai yawa ya tafi dashi. A raba takin ƙanana-ƙanana, a ƙara ruɓaɓɓen takin dabbobi dan shi yana da gurabe masu yawa, amma wanda ya ruɓe sosai, ɗanyen kashin kaji gishiri ne dashi. Yuriya bata da caji sai ta juye amoniyum, in ka watsa ta a saman ƙasa mai farar ƙasa cikin zafin nan ka tafi, iska zata kwashe rabo mai tsoka, ka bi ta da ruwa nan take.

Sai rawayar sabon ganye, wadda jijiyoyin ke zama kore tsakaninsu yayi fari-fari, a lemu da gwaiba ake yawan ganinta. Rashin sinadarin ƙarfe ne, kuma abin haushin ƙarfen yana nan a ƙasa har a bangon saiwar ma yana iya taruwa amma ya daskare bai shiga ba, saboda bayikabonet dake ruwa yana kashe tsamin da saiwa ke turowa ta narkar dashi. Dangin ciyawa suna da dabarar fitar da wani sinadari da ke ɗauko musu shi, su lemu basu da ita, tsamin nan suka dogara dashi. In zaka sayi maganin ƙarfe ka duba wanda aka rubuta EDDHA, jan gari ne mai duhu kamar zoɓo in ya narke, shi yake jure pH sama da 8, mai EDTA yana sakin ƙarfen tun wajen 6.5, yafi araha amma a ƙasarmu kusan zubar da kuɗi ne in ta ƙasa zaka bayar. A zuba shi a gindi da yamma a bi da ruwa dan hasken rana na lalata shi, kuma a rage cika ruwa, jiƙaƙƙiyar ƙasa mara iska tana ƙara rawayar.

'Yan mashtal kuma, kokofit ɗin nan na ɓawon kwakwa da ke zuwa a dunƙule, shima bangon ƙwayoyin shuka ne matattu kuma gurabensa suna zuwa cike da sodiyum da fotasiyum, in ka dasa kai tsaye kalsiyum ɗin da ka ba shukar shi zai fara kamewa ya sako mata sodiyum. In ba a rubuta a jikin ledar cewa an riga an gyara shi ba, ka jiƙa shi ka wanke da ruwa mai kyau, ka sake jiƙa shi kwana guda a ruwan kalsiyum naitret, ka tsiyaye ka ɗauraye, ka tsoma abin awonka a ruwan da ya fito, in lambar ta sauko kusa da ta ruwan da ka zuba sai ka cika tire ka sa iri.